Muryar da ba ta yi gumi ba, ba ta cancanci maki ba

Duk mai bin gasar badujalar matasan Amurka, wadda ƙungiyar DCI ke shiryawa kowace shekara, ya san cewa an jima ana cacar baki kan abu guda: shin ya dace a riƙa jin muryar mutum yana ba da labari a tsakiyar wasa, kuma in ya dace, muryar wa? Ta yaron da ke tsaye cikin fili, ko ta wani ƙato da aka naɗa a sutudiyo tun watanni da suka wuce? Ni dai matsayina ba ɓoyayye ba ne. In har za a yi magana a filin gasa, to ta fito daga bakin ɗan wasa, a gaban jama'a, a wannan daren. Naɗaɗɗiyar murya kayan aro ce, kuma ba a bai wa mutum kyautar ado da rigar da ba tashi ba.

Ga wanda bai san wasan ba, bari in ɗan share fage. Abin ya yi kama da fanfar ɗin sojoji da muke gani ranar bikin ƙasa, sai dai ya wuce nan nesa. Manyan ƙungiyoyi kan fito da matasa fiye da 150, waɗanda shekarunsu ba su wuce 21 ko 22 ba, masu ƙaho, masu ganga, da masu wasa da tutoci. Suna kiɗa suna gudu, suna zana siffofi da jikinsu a filin ƙwallon Amurka na tsawon minti 11 ko 12. Asalin abin daga ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ne da majami'u da ƴan sikawut, sannan a 1972 aka yi gasar DCI ta farko a garin Whitewater na jihar Wiskonsin. Tun 2009 ana yin wasan ƙarshe cikin watan Agusta a filin Lucas Oil da ke Indiyanapolis. Yaran nan su ke biyan kuɗi daga aljihunsu, su kwana a ƙasa cikin zaurukan motsa jiki na makarantu, su wuni cikin rana suna maimaita taku guda har ƙafa ta yi kanta. Wannan gumin shi ne jarin wasan, kuma shi mutane ke biya su gani.

Fiye da shekara 30 babu lasifika a wannan fili. Abin da ƙirjinka da hannunka suka iya fitarwa, shi ɗan kallo zai ji. A 2004 aka halatta ƙara sauti da na'ura, a 2009 kuma aka buɗe ƙofa ga kayan kiɗa masu lantarki, har da na'urar da ake loda wa sauti a danna maɓalli ya fito. Daga nan murya ta samu hanyar shiga, ta baki da ta kaset duka. Masu goyon bayan sauyin suka ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ban ƙi ba. Ba ni cikin masu kukan a koma zamanin da, lokacin da ƙaho ke da maɓalli biyu. Makirufo a gaban marimba ya yi amfani, domin mai kaɗawa ya daina dukan katako kamar mai faskare don a ji shi a saman benaye. Amma ƙara wa ɗan wasa sauti daban, maye gurbinsa da na'ura daban, kuma masu shirya wasanni da yawa suna haɗa su a kwano guda don kada a gane.

Mu dubi yadda ake ba da maki. Cikin maki 100, kashi 40 na tasirin wasan ne gaba ɗaya, wato yadda ya kama zuciyar mai kallo, 30 na abin da ido ke gani, 30 na kiɗa. Mai ƙaho in ya kuskure, alƙali ya ji. Mai ganga in hannunsa ya riga na ƴan uwansa, an rubuta. Yarinyar da ta jefa tuta sama ta kasa cafewa, duk filin ya gani. To muryar da aka naɗa fa? Ba ta shaƙewa, ba ta mantuwa, ba ta jin tsoron taro. An ɗauke ta sau goma an zaɓi mafi kyau, an goge ta da kwamfuta, kuma wataƙila mai ita ya haifi rabin yaran da ke filin. Duk da haka ita ce ke ɗauke da labarin, ita ke sa ɗan kallo hawaye, hawayen nan kuma ya koma maki a ɓangaren da ya fi kowane nauyi. Gasar da ke da iyakar shekaru, sai ga babba ya shigo ta cikin waya ya ci wa yara maki. In wani ɗan shekara 40 ya ɗauki ƙaho ya shiga layi, korar ƙungiyar za a yi. Me ya sa muryarsa ta fi ƙahonsa tsarki?

Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan tambaya. A filin kokowa, in ɗan kokowa ya fito zai yi kirari, da bakinsa yake yi, numfashinsa na sama, makaɗi na amsa masa. A ce an kunna masa kaset shi kuma yana ɗaga hannu kawai, ai sai jama'a su watse da dariya. Kuma mun san irin raini da ake yi wa mawaƙin da ya zo biki yana motsa baki, waƙar na fitowa daga na'ura. Abin da muke girmamawa shi ne mutum ya tsaya inda zai iya jin kunya, kuma ya fita ba tare da ya ji ta ba.

Za a ce mini muryar baki ma ta taɓa ɓata wasa. Gaskiya ne. A 2007 ƙungiyar Cadets ta yi wasan "This I Believe", inda ƴan wasanta suka yi ta magana da makirufo kusan daga farko har ƙarshe, kuma ƴan kallo da dama ba su ɓoye ɓacin ransu ba. Ƙungiyar ta zo ta biyu a wannan shekarar, domin kiɗanta da takunta sun kai matuƙa, amma surutun ya danne ƙahon da mutane suka zo ji. Laifin na yawan magana ne da raunin rubutun. Yaran da suka yi ta sun tsaya gaban dubban mutane, wasu na yi musu ihu, suka faɗi abin da aka ba su. Wannan ko ba komai aiki ne da alƙali zai iya aunawa.

Ga kuma inda muryar baki ta biya kuɗin sabulu. A 2013 Carolina Crown ta ci kofinta na farko da wasan "E=mc²", wanda ya ɗauko daga "Einstein on the Beach" na Philip Glass. Ƴan ƙungiyar ne da kansu ke ƙirga lambobi da baki, da sauri, daidai da bugun ganga, ta yadda in harshe ya sarƙe sau ɗaya kowa zai ji. Muryar ta zama kayan kiɗa kamar sauran, tana da haɗarinta, tana da gwanintarta. Shekara 5 kafin nan, a 2008, Phantom Regiment ta ba da labarin Spartacus, bawan da ya yi wa Rum tawaye, da kalmomi ƙalilan. Sarƙoƙi, masu, kisan kai a gaban ido, da kiɗan Khachaturian, su suka yi bayanin. Ta doke Blue Devils da tazarar maki 0.025, kuma har yau ana maganar ihun da filin ya yi a daren. Ba a buƙaci wani ya tsaya yana fassara wa jama'a abin da suke gani ba. Gani ya kori ji.

Hujja mafi ƙarfi ta masu kaset ita ce ta muryar tarihi. In wasa na magana kan wani shugaba da ya mutu, Kennedy ko Roosevelt, ba mai iya kawo muryarsa sai na'ura, kuma kwaikwayo ba zai kai ainihi ba. Na yarda da wannan, da sharaɗi. Jimla ɗaya ko biyu daga ainihin jawabin da tarihi ya adana, wannan shaida ce, kamar a ɗaga tsohon hoto. Amma a rubuta sabon labari a watan Janairu, a ɗauko mai daɗin murya ya karanta, a loda a na'ura, wannan ba tarihi ba ne, gudun wahalar horar da yaro ne. Sai hujja ta biyu, wai makirufo marar waya kan katse, iska kan shiga, yaro kan yi mura. To sai me? Ƙaho ma kan toshe, sandar ganga kan karye, ruwan sama kan jiƙa tuta ta yi nauyi. Ba wanda ya taɓa cewa don haka a naɗi ƙahon a gida.

Wannan ya kai ni ga zaɓen kiɗan kansa, domin cutar guda ce. Sau da yawa ana neman mai ba da labari ne saboda kiɗan ya kasa ba da shi. A 1988 Madison Scouts ta ci gasa da "Malagueña", a 1989 Santa Clara Vanguard ta ci da "Phantom of the Opera". Waƙa ce ake ɗauka a bi ta daga tushe har ƙarshe, ɗan kallo ya fita yana rera ta a mota. Yanzu wasanni da yawa sun zama taɓa ka lashe: daƙiƙa 20 daga wannan, 15 daga wancan, a katse don masu ganga su nuna hannu, a sake katsewa don masu ƙaho su ajiye ƙaho su yi rawa, sannan na'ura ta cike gurbin da gurnani. In an yayyanka kiɗa haka, dole a nemo murya ta ɗinke shi, ta gaya wa mutane cewa yanzu fa lokacin baƙin ciki ne, yanzu kuma na nasara.

Kada a ɗauka ina cewa a riƙa buga abin da kowa ya sani kawai. A 1993 Star of Indiana ta fito da "Medea" na Samuel Barber da kiɗan Bartók, abu mai tsauri, mai shiru a wurare, wanda ƴan kallo da yawa ba su so ba a lokacin. Ta zo ta biyu, kuma yau ana lissafa wasan cikin waɗanda suka canza fasahar baki ɗaya. Ba a sa kowa ya yi bayani ba, an bar kiɗan ya yi faɗansa. A ɗaya gefen, Bluecoats ta nuna a 2014 da wasan "Tilt" cewa lantarki na iya zama abokin ƙaho, lokacin da aka lanƙwasa sautin ƙarshe tsakanin ƙahoni da na'ura har filin ya miƙe tsaye. Sabon kiɗa ko tsoho, mai wuya ko mai sauƙi, duk ɗaya ne a wurina, muddin an ba shi lokaci ya numfasa, kuma yaran ne ke ɗauke da nauyinsa.

Abin da nake so masu dokokin DCI su yi ba shi da tsawo. Duk maganar da aka rubuta don wasa, ɗan ƙungiyar da ke cikin iyakar shekaru ya faɗe ta kai tsaye, alƙalai kuma su auna ta kamar yadda suke auna ƙaho da ganga. Naɗaɗɗiyar murya a taƙaita ta ga ainihin sautin tarihi, a ƙayyade mata daƙiƙoƙi, kuma kada ta ƙara wa kowa maki. Ƙungiyar da ta ga ba ta da yaron da zai iya riƙe makirufo, tana da watanni na atisaye ta horar da shi, kamar yadda take horar da mai ganga. In kuwa labarin ba zai fahimtu ba sai an yi minti 3 ana surutu, to a koma kan kiɗan a gyara shi.