Tayil mai sheƙi a kowane ɗaki: Adon da ke kai tsofaffi asibiti

A sababbin gidajen da ake ginawa a Kano da Kaduna da Abuja, har da ƙananan garuruwa, abu ɗaya ne ke fara tarbar baƙo: tayil mai sheƙi kamar madubi, tun daga bakin ƙofa har falo, daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa banɗaki. Mai gida ya je kasuwa ya ga samfuri ɗaya ya burge shi, sai ya sa a loda masa mota guda a shimfiɗe gidan baki ɗaya da shi.

Wannan yayi kuskure ne, kuma ba mai gidan ba ne ya fi biyan kuɗinsa. Tsohuwar da ke tashi alwalar asuba cikin duhu, da mai juna biyu da ke fitowa daga wanka, da yaron da ke gudu da jiƙaƙƙun ƙafafu, su ne ke biya. Daɓen kowane ɗaki ya kamata a zaɓe shi ne bisa aikin da ake yi a ɗakin da mutanen da ke taka shi. Kyan gani ya biyo baya.

Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 daga cikinsu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ne. A cewar hukumar, faɗuwa ce ta biyu wajen kashe mutane a jerin haɗurran da ba da gangan ba, bayan haɗarin hanya, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi hallakawa.

Alƙaluman sun ƙunshi kowace irin faɗuwa, har da ta kan gini da ta kan bishiya. Amma ga dattijo, zamewa ɗaya a banɗaki ta isa ta karya masa ƙashin ƙugu. Irin wannan karaya sau da yawa sai an yi tiyata a asibitocin ƙashi kamar na Dala da ke Kano, kuma tsofaffi da dama ba sa komawa tafiya yadda suke yi a da. Kuɗin aikin da jinyar watanni sun ninka bambancin farashin da ke tsakanin tayil mai santsi da mai kaushi nesa ba kusa ba.

A gidan Bahaushe kuwa ruwa ba ya rabuwa da ƙasa. Ana alwala sau biyar a yini, ana wanka da bokiti, ana wanki da wanke-wanke a tsugune. Sannan ana zama da iyaye da kakanni a gida ɗaya. Tayil ɗin da aka ƙera don falon otal ba a yi shi da wannan rayuwa a zuciya ba.

Banɗaki da wurin alwala

Nan ne wurin da bai kamata a yi sassauci ba. Tayil mai kaushi ake so, kuma ƙanana, misali mai santimita 30 sau 30 ko ƙasa da haka, domin yawan layukan da ke tsakaninsu na taimaka wa ƙafa ta kama ƙasa, kuma sun fi sauƙin bin gangara.

Wasu kamfanoni na rubuta ma'aunin santsi a jikin kwali, daga R9 zuwa R13. R9 shi ne mafi santsi a cikinsu, ya dace da busasshen wuri. Wurin da ruwa ke zuba yana buƙatar R10 ko R11. Idan babu rubutu a kwalin, akwai gwaji mai sauƙi da za a yi tun a shago, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a Dei-Dei: a zuba ruwa da ɗan sabulu a kan tayil ɗin a goga tafin hannu. In hannu ya sulale, ƙafa ma za ta sulale.

Sai gangara. Daɓen banɗaki ya riƙa sauka da santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa bakin rariya. Kafin a sallami mai sa tayil, a kwara bokitin ruwa a gani. Duk inda ruwa ya kwanta, nan gansakuka da santsin sabulu za su yi gida.

Kicin

Man gyaɗa da manja da miyar kuɓewa idan suka zuba a kan tayil mai sheƙi, sun fi ruwa haɗari, ga shi mai girki na ɗauke da tukunya mai zafi. Kicin na buƙatar tayil mara sheƙi wanda ba ya shan ruwa sosai. Samfurin da 'yan kasuwa ke kira fosilen yana shan ruwan da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba, shi ya sa ya fi jure tabo da danshi fiye da tayil ɗin yumɓu na gama-gari.

Daka kuma a bar shi a tsakar gida. Turmi da taɓarya na fasa tayil komai ingancinsa, musamman idan akwai rami a ƙarƙashinsa.

Falo da ɗakin kwana

A falo ne mai son sheƙi ke da hujja. Wuri ne busasshe, kuma tayil mai santsi ya fi sauƙin gogewa idan ƙurar hunturu ta sauka. Ko a nan ɗin ma, mai ɗan dishi-dishi ya fi ɓoye ƙura da sawun ƙafa. Fari tas da baƙi ƙirin su ne suka fi nuna datti, ruwan ƙasa da ruwan toka kuwa suna rufa asiri.

Kafet mai rufe ɗaki bango zuwa bango yana da daɗin takawa da sanyin Disamba, sai dai yana tara ƙura da ƙananan ƙwari waɗanda ke tayar wa masu asma da ciwonsu. A gidan da ke da yara masu rarrafe, tsarkake shi daga fitsari aiki ne ja. Darduma ko ƙaramin kafet da za a iya naɗewa a kakkaɓe a shanya a rana ya fi dacewa. A tabbatar dai gefensa ba ya naɗewa, domin tuntuɓe da bakin darduma ma na kayar da tsofaffi.

Ledar tsakar ɗaki, wadda iyayen amarya suka daɗe suna sawa a kayan jere, ba abin rainawa ba ce. Tana da araha kuma ba ta da sanyi. Matsalarta biyu ce: mara kauri na yagewa a ƙarƙashin ƙafar gado da kujera, kuma idan aka shimfiɗa ta a kan siminti mai danshi, ƙarƙashinta na yin fumfuna da wari. Daɓen katako kuma yana da abokan gaba biyu a Arewa, wato gara da bushewar hunturu da ke sa shi tsukewa ya buɗe baki.

Tsakar gida da baranda

A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, tayil mai duhu a tsakar gida na ƙona ƙafar yaro da tsakar rana, da damina kuma ya zama tarko. Daɓen siminti da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye don ya yi kaushi, ko intalok da ke barin wani kaso na ruwa ya nutse ta tsakaninsa, sun fi amfani kuma sun fi sauƙin gyara. Matakala ma haka: bakin kowane taki ya kasance mai kaushi.

Magabata sun san wannan. Daɓen gargajiya da mata ke taruwa su yi da tsakuwa da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, yana da ƙarfi da sanyi kuma ba ya zamar da ƙafa. Tarazon da ke tsofaffin asibitoci da makarantu ya shafe shekaru gommai ana taka shi, idan ya dushe a goge shi da inji ya dawo. Ba lallai ne a koma wa daɓen makuba ba, amma darasinsa na nan: an yi shi ne don masu zama a gidan.

Tun ran gini, tun ran zane

Tayil mai tsada a kan mummunan daɓe asara ce. Danshin da ke tasowa daga ƙasa, wanda ke cin gindin bango yana fitar da farin gishiri, ana tare shi ne tun farko da shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren ƙasa. Kankaren kuma yana buƙatar ban-ruwa na aƙalla mako guda, kuma sai ya kai kwana 28 yake kama cikakken ƙarfinsa. Gaggawar tarewar amarya ta sa an sha shimfiɗa tayil a kan ɗanyen daɓe, daga baya ya riƙa ɗagowa.

Wajen saye, lissafi ne ke hana da-na-sani. Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 ya kai kusan murabba'in mita 13 da rabi. Kwalin tayil mai santimita 60 sau 60 da ke ɗauke da guda huɗu yana rufe murabba'in mita 1.44. Kwali 10 zai rufe ɗakin da kyar, don haka 11 ya kamata a saya saboda yanke-yanke da fashewa, a ajiye ragowar don gyaran gaba. A duba lambar rukunin da ke jikin kwalayen ta zama ɗaya, domin launi na ɗan bambanta daga wannan gashi zuwa wancan, ko tayil ɗin na Sifaniya ne ko na Sin ko na masana'antun Kogi da Ogun.

A lokacin aiki, a bar tazarar milimita biyu zuwa uku tsakanin tayil da tayil, da ɗan fili a gindin bango. Zafi na sa tayil buɗewa, in bai samu wurin motsi ba sai ya kumbura ya fashe. Bayan ya bushe, a bi shi ana ƙwanƙwasawa da makulli. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, siminti bai cika ƙarƙashinsa ba, a sa mai aikin ya cire ya sake kafin a biya shi cikon kuɗinsa.

Kulawar yau da kullum

Yashi da ƙura su ne ke kankare fuskar tayil. A fara shara kafin guga, a ajiye abin goge ƙafa a bakin ƙofa. Sabulu kaɗan ya wadatar, domin yawansa na barin wani yauƙi da ke ƙara santsi ya kuma kama datti. Bayan guga a bar ƙasa ta bushe kafin yara da tsofaffi su bi ta wurin.

Asid ɗin da ake sayarwa a robobi don wanke banɗaki yana cinye farin simintin da ke tsakanin tayil, yana kuma lalata tarazo da marmara. Mafi haɗari shi ne haɗa shi da bilic irin su Hypo ko Jik. Haɗin na fitar da iskar kulorin mai guba da ke ƙona idanu da huhu, musamman a ƙaramin banɗaki mara taga.

Ga mai haya da mai ƙaramin ƙarfi

Masu kare tayil mai sheƙi kan ce mai kaushi yana riƙe datti. Gaskiya ne, yana buƙatar buroshi lokaci zuwa lokaci. Amma goge banɗaki da buroshi sau ɗaya a mako bai kai wahalar jinyar mahaifiya a kwance ba. Wasu kuma kan ce gida mai sheƙi ya fi samun 'yan haya da masu saye. To, a yi sheƙin a falo inda ake ganinsa. Banɗaki da kicin ba su wuce 'yan murabba'in mita ba, sauya musu samfuri ba zai girgiza kasafin ginin ba.

Wanda ya tarar da santsin a gidan haya ma yana da abin yi: tabarmar roba mai kama ƙasa a wurin wanka, ƙarfen dafawa a bango kusa da masai, ƙaramar kujerar zama don alwala, silifa mai zane a ƙasa, da fitila mai caji a hanyar banɗaki saboda ɗauke wuta.

Magina da masu sayar da tayil su ma suna da hakki a wuyansu, domin su ne ake tambaya a shago da wurin aiki. Kafin a ɗora kwali a mota, ya dace a fara tambayar wane ɗaki za a sa shi, kuma wa zai taka shi da jiƙaƙƙiyar ƙafa da asuba.