Bruno da kyautar gwarzon United: me ƙuri'armu take aunawa?

Ranar da aka sanar cewa Bruno Fernandes ne magoya bayan Manchester United suka zaɓa gwarzon ɗan wasansu na kakar 2024/25, wani abokina ɗan Arsenal ya turo min saƙo: "Malam, gwarzon me? Gwarzon 'yan na 15?" Na yi dariya, amma maganar ta tsaya min a rai, don ba ƙarya ya yi ba. United ta gama Firimiya a matsayi na 15 da maki 42, sannan Tottenham ta doke ta 1-0 a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao. A irin wannan shekarar ce aka ce mu zo mu zaɓi wanda ya fi kowa. Ni ma Bruno na danna wa, ba zan ɓoye muku ba.

Ga wanda bai san kyautar ba, sunanta Sir Matt Busby, kocin da ya ciyo wa United kofin Turai a 1968. An fara bayar da ita a 1988, Brian McClair ne ya fara ɗauka, sai bayan rasuwar Busby a 1994 aka sa mata sunansa. Yanzu ta intanet ake zaɓen, wato ƙuri'ar mai kallo a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Damagaram daidai take da ta mutumin da ke zuwa Old Trafford duk mako. Wannan abu ne mai daɗi. Amma da na zauna na bi jerin waɗanda suka ci kyautar, sai na ga ba iya wasa kaɗai muke aunawa ba. Zuciyarmu muke aunawa.

Ku duba 2004. Ruud van Nistelrooy ya zura ƙwallo 30 a kakar. Wani yaro da aka sayo daga Sporting ta Fotugal, Cristiano Ronaldo, ya zura 6. Wa aka zaɓa? Yaron. Saboda me? Saboda yanka da kwalliyar ƙafa, saboda idan ya karɓi ƙwallo mutane miƙewa suke yi. Shi kuwa Paul Scholes, wanda ya ci Firimiya sau 11, bai taɓa ɗaukar kyautar nan ba ko sau ɗaya. Haka Peter Schmeichel, haka Rio Ferdinand. Mai aikin da ba ya shiga gajeren bidiyon da ake yaɗawa a WhatsApp, da wuya ya ga ƙuri'a.

Ai mu 'yan fim da waƙa mun san wannan ciwon. Sau nawa aka saka hotunan jarumai biyu a Facebook aka ce a zaɓi gwani, sai ka ga ba fim ɗin ake dubawa ba, yawan mabiya ake gwadawa? Jarumin da ya fito a uba ko kawu ya riƙe labarin gaba ɗaya, ba mai tuna shi, mai rawa da waƙar da ta yi tashe shi ke kwashe ƙuri'u. Har masu shirya AMVCA, kyautar da sunanta ma ke cewa zaɓin masu kallo ce, a 2024 suka cire rukunin gwarzon jarumi da jaruma daga hannun jama'a suka miƙa wa alƙalai. Sun ga abin da muke gani.

To amma ni ba na goyon bayan a yi wa ta United haka, kuma ga dalilina. Kulob ɗin yana da wata kyautar daban wadda 'yan wasa ke zaɓar gwani a tsakaninsu, kuma sau da yawa sunayen ba sa haɗuwa. A 2020 mu mun zaɓi Bruno, wanda a watan Janairun shekarar ya zo, ko rabin kaka bai cika ba, su kuwa suka zaɓi Anthony Martial. A 2022 mu Ronaldo, su David de Gea. A 2024 mu Bruno, su Diogo Dalot. Su suna ganin atisaye da abin da koci ya ce a yi. Mu abin da muke gani shi ne wanda ya hana mu jin kunya a majalisa ranar Litinin. Kowace da amfaninta. Matsalar tana farawa ne idan muka ɗauki tamu muka ce ita ce hukuncin ƙarshe kan wa ya fi iya ƙwallo.

Abin da ya fi damuna shi ne labarin da jerin ke bayarwa tun bayan ritayar Sir Alex Ferguson a 2013. Kafin lokacin, mai tsaron raga bai taɓa cin kyautar ba. Daga nan De Gea ya ci 2014, 2015, 2016, ya sake ci a 2018. Jama'a, idan gola ne gwarzon babban kulob sau huɗu cikin shekara biyar, ai ba sai an faɗa maka inda ƙwallo take yini ba. Muna tafa masa, alhali kyautar tasa shaida ce cewa gida ya yi yoyo. Na Bruno ma kusan haka ne. Ya ci 2020, 2021, 2024 da 2025, ya kamo De Gea da Ronaldo da huɗu-huɗu. Ba na rage masa komai, wallahi ya yi aiki, shi ne bugun fanareti, shi ne bugun kwana, shi ne gudu har minti na casa'in. Amma mutum ɗaya ya riƙa ɗauka kusan ba hamayya, ba alamar lafiya ba ce. Daga 2009 zuwa 2013 mutum biyar daban-daban ne suka ci: Vidic, Rooney, Chicharito, Valencia, Van Persie. A shekarun nan biyar United ta ɗauki Firimiya sau uku. Lokacin zaɓen yana da wuya, don gwanayen suna da yawa.

Sannan ku lura, ƙuri'armu ba ta kare kowa daga ƙofar fita. Ronaldo ya ci a 2022, kafin shekarar ta ƙare ya bar kulob ɗin bayan hirarsa da Piers Morgan. De Gea ya tafi a 2023 da kwantiraginsa ya ƙare, a kakar da ya ci kyautar golan da ya fi kowa wasanni ba a zura masa ƙwallo ba a Firimiya. Marcus Rashford ya ci a 2023 da ƙwallo 30, a Fabrairun 2025 yana Aston Villa a matsayin aro, kuma cikin masu cewa ya tafi har da mu da muka zaɓe shi. Son masoya kamar kasuwar waƙa yake, wadda ake yayi bana, baɗi an koma wata.

Bruno dai ya ƙi tayin maƙudan kuɗi daga Al-Hilal ta Saudiyya a 2025 ya zauna, kuma na san wannan kaɗai zai ƙara masa ƙuri'u. Ni abin da nake fata shi ne ranar da zan buɗe manhajar United in zaɓi gwarzo, in tsaya minti goma ina kai-kawo tsakanin mutum huɗu, har da ɗan baya da ɗan tsakiya mai tare hanya. Zaɓen da ya wuce ko daƙiƙa biyar bai ɗauke ni ba. Abokin nan nawa ɗan Arsenal kuwa har yau ban ba shi amsa ba.