Laimar Farko: A Sayi Babba, A Sayi Ta Hannu

A duk filin da ake wasan dirowa daga jirgin sama da laima, daga DeLand ta jihar Florida har hamadar Dubai, akwai mutum ɗaya da ba ya ɓuya: wanda ya karɓi lasisi makon jiya. Ya cika dira 25, adadin da ƙungiyar masu dirar laima ta Amurka, USPA, ta gindaya kafin ta ba da lasisin matakin A. Ya gaji da kayan haya masu warin gumin wasu. Yanzu idonsa na kan wata 'yar jaka sabuwa fil, tsukakkiya, wadda launinta ya dace da hular kwanonsa. A wannan makon ne ya fi kusa da asarar kuɗi, wani lokaci har da ƙafa.

Abin da yake son saye kaya huɗu ne a ɗaure wuri guda. Akwai jakar goyo da ɗamarar da ke riƙe cinya da kafaɗa. Akwai babbar laima, wadda ake buɗewa a kowace dira, da laimar ko-ta-kwana, wadda ke jiran ranar da babbar ta ƙi. Na huɗu wata 'yar na'ura ce mai buɗe ta ko-ta-kwana da kanta idan mai ita ya suma ko ya ruɗe. Sababbi, kayan nan huɗu kan kai dala dubu takwas zuwa goma, wato kuɗin mota.

Kuskuren farko a girman laima yake. Ana auna ta da murabba'in ƙafa, a auna mai ita da laba, shi da kayansa gaba ɗaya. Shawarar USPA ga masu lasisin A da B ita ce kada nauyin ya wuce laba ɗaya a kan kowane murabba'in ƙafa. Mutum mai kilo 75, idan ya goya kaya na kilo 11, ya kai laba 190, don haka laimar da ta dace da shi ita ce mai murabba'in ƙafa 190 ko fiye. A makaranta ma da wadda ta fi haka faɗi ya koya, mai 230 zuwa 280, mai sauka a hankali kamar shirwa ta ƙoshi.

Amma ya ga gwanaye suna shigowa a guje da ƙananan laimomi, suna sharar ciyawa da ƙafa, jama'a na tafi. Sai dillali ko aboki ya raɗa masa cewa ya sayi ƙarama tun yanzu, ai zai saba da ita. Wannan shawara ta karya mutane da yawa. Ƙaramar laima ta fi sauri, ta fi saurin juyawa, kuma duk juyin da ta yi sai ta nutsa ƙasa. Ɗan koyon da ya hango waya ko wani mai laima a gabansa, ya fizgi linzami yana dab da ƙasa, babbar laima za ta bar shi da kunya da ƙura a wando. Ƙarama asibiti take kai shi.

Alƙaluma sun nuna inda wasan ya kwana. A shekarun 1970 Amurka na rasa fiye da mutum 40 a shekara. A 2024 mutum 9 USPA ta ƙirga cikin dira kusan miliyan 3.9. Kayan sun gyaru ƙwarai, kuma kaso mai tsoka na haɗurran da suka rage yana faruwa ne bayan laima ta buɗe lafiya lau, a hannun matuƙin da ta fi ƙarfinsa.

Daga nan hujjar sayen na hannu ta fito. Wanda ya fara da 190, idan ya dage, bayan dira ɗari biyu ko uku zai so ya sauko zuwa 170. Jakar goyo kuwa ana ɗinka ta ne daidai da girman laima, ba ta ɗaukar sauyi fiye da mataki ɗaya ko biyu. Ga shi ɗan koyo yana sauka da gindi, yana jan jaka a cikin yashi. Wanda ya zuba kuɗin mota a sabuwa, ya jira watanni kafin a ɗinko masa, zai sayar da ita da faɗuwa kafin ya more ta. Ta hannu kuwa, irin su Sabre ta kamfanin Performance Designs ko Pilot ta Aerodyne a manyan girma, ba ta kwantai, domin kowace shekara ana yaye sababbin 'yan koyo masu neman ta. Akwai ma wata riba da sai wanda ya gwada ya sani: sabon yadin laima santsi gare shi, yana zillewa kamar tarwaɗa, kuma cusa shi cikin jaka kan sa ɗan koyo zufa. Wanda ya ɗan tsufa ya fi biyayya.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da magana mai nauyi. Wa zai rataya ransa a kayan gwanjo? Amsar ita ce a wannan harka ba a ciniki da ido. Akwai gwanayen naɗin laima masu lasisi, kuma dokar Amurka ta wajabta a kai musu laimar ko-ta-kwana su warware, su duba, su sake naɗewa duk kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Kowace jaka na ɗauke da katin da ake rubuta tarihin wannan aiki. Mai saye na ƙwarai yana sa a aika kayan wurin gwanin da ya amince da shi, a duba ɗinki, da igiyoyi, da yadi, da shekarar ƙira, sannan kuɗi su fita. Mai sayarwar da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya faɗi halin kayansa. Ɗamara kuma sai an gwada a jiki, don wadda aka ɗinka wa dogo ba ta zama wa gajere.

Inda ba a neman araha shi ne 'yar na'urar nan. Wani Bajamushe, Helmut Cloth, ya rasa abokinsa a dira a 1986, ya shafe shekaru yana aiki har ya fito da CYPRES a 1991. Idan ta ji mutum ya iso kusan mita 225 daga ƙasa yana faɗowa da gudun da ya kai mita 35 a daƙiƙa, sai ta yanke igiyar da ta rufe laimar ko-ta-kwana. Tana da wa'adi: shekara 15 da rabi ga waɗanda aka ƙera daga 2017, ita kuma takwararta Vigil ta Beljiyam shekara 20. Mai sayen ta hannu shekarun da suka rage yake saye, sai ya duba ranar ƙira kafin ya yi tayi.

Ɗan Kano ko Abuja da ya je Dubai ya dira sau ɗaya a ɗaure da malami, don hoto, ba ya bukatar sayen ko tabarau. Wanda wasan ya shiga ransa ya fara da ƙananan kaya: agogon auna nisa daga ƙasa, hular kwano, tabarau da littafin rubuta dira. Kyamara ta jira, domin USPA na ba da shawarar sai an cika dira 200 kafin a ɗaura ta. Ya ci gaba da haya har ya sami lasisi, ya gwada laima iri biyu ko uku, ya ji ta bakin malamin da ya ga saukarsa da idonsa. Sa'annan ya nemi babbar laima ta hannu wadda gwani ya duba, da na'ura mai sauran shekaru, rarar kuɗin kuma ya kashe ta a tikitin jirgi da darasin tuƙin laima.