Jirgin da Bai Samu Tsufa Ba

Wata ɗabi'a ta yi kaka-gida a tsakanin masu harhaɗa ƙananan samfuran jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya, musamman masu fukafukai hawa biyu irin su Sopwith Camel da Albatros. Mutum zai shafe watanni yana haɗa jirgi, sannan ya ɗauki na'urar fesa fenti ya ja baƙin layi a kan kowane haƙarƙarin fiffike, ya kankare fenti, ya ɗiga tsatsa, ya kashe ƙyalli, har jirgin ya koma kamar akwalar motar da aka yasar a bayan gareji. Wai wannan ne kama da gaske. Salon aro ne daga masu haɗa samfuran tankokin yaƙi, kuma a jikin jirgin 1917 ƙarya yake faɗa.

A fara da kayan da aka ƙera jirgin. Murfin injin Camel na alminiyam ne, alminiyam kuwa ba ya yin jar tsatsa irin ta ƙarfe. Fukafukansa katako ne da aka lulluɓe da yadin lilin, aka shafe shi da ruwan sinadarin selulos mai ɗame yadi kamar fatar ganga. Ingila kan rufe saman jirgin da launin ƙasa-ƙasa mai suna PC10, kuma sabon jirgi yakan fito daga masana'anta yana sheƙi. Rana da ruwan sama suna dusar da sheƙin, amma sai sun sami lokaci, lokacin kuwa shi ne jiragen nan suka rasa. A watan Afrilun 1917 kaɗai, lokacin gumurzun Arras, rundunar sama ta Birtaniya ta yi asarar jirage 245. Waɗanda suka tsira kuma suna hannun makanikai masu goge su, domin laka nauyi ce, mai kuma yana lalata yadi.

Lissafi ma bai goyi bayan masu wannan salo ba. Faɗin fukafukan Camel ƙafa 28 ne. Idan aka rage shi sau 32, yadda kamfanin Wingnut Wings na New Zealand ya yi, zai koma kusan santimita 27. Ƙyallen da ake liƙawa a kan ɗinkin haƙarƙari kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. A raba wannan gida 32, a ga ko akwai abin da zai haifar da baƙar inuwa.

Masu kare salon na da hujja biyu. Ta farko, tsofaffin hotuna suna nuna jirage da duhu. Sai dai fim ɗin daukar hoto na zamanin yakan mayar da ja da rawaya su yi duhu, shuɗi kuma ya yi haske, don haka wanda ya kwafi hoto ido rufe ya kwafi aibin fim ne. Ta biyu, ƙaramin abu sai an ƙara masa gishiri kafin ido ya gane shi. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, amma gishirin yana da gurbinsa. Injin Clerget, mai juyawa tare da farfela, yana shan man zurma yana fesar da shi, don haka maiƙo yakan kwanta a bayan murfin inji da ƙarƙashin jirgi. Tayoyi suna watsa laka a ƙasan fiffike. Lilin da ba a yi wa launi ba yana barin rana ta ratsa, har a ga haƙarƙari daga ƙasa. Jikin Albatros na katako ne da aka shafa wa man sheƙi, zanen itacen yana bayyana a hankali. Wanda ya iya fito da waɗannan, shi ne gwani. A filin Old Warden na Ingila, inda cibiyar Shuttleworth ke tashin S.E.5a da Bristol F.2b, mai shakka zai ga yadda haske ke zama a kan lilin, ko da yake jiragen can 'yan gata ne.

Batun ya wuce na ado. Mutane da yawa a jikin samfur suke fara ganin waɗannan jirage, a kantar wani ko a cikin gilashin gidan tarihi. Jirgin da aka tsufantar yana gaya musu cewa ya yi shekaru yana kai da komowa. Gaskiyar ta fi haka ɗaci: da yawa sun faɗo da fentinsu yana sheƙi, da matuƙa 'yan shekara 19 ko 20 a ciki. Mai fesa tsatsa, ko ya sani ko bai sani ba, wannan labarin yake shafewa.