Wa Ya Auna Hayaƙin?

Yau lissafi za mu yi, amma kada kowa ya sulale, lissafin hayaƙi ne.

Mu ɗauki injin ban-ruwa, irin wanda ke kwana yana ƙugi a fadamun Kudan da Hunkuyi da rani. Duk litar fetur ɗaya da ya ƙona tana sakin iskar kabon mai nauyin kusan kilo 2.3. Abin mamaki, ita kanta litar ba ta kai kilo ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne, kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin wajen ƙonewa, sai nauyi ya ƙaru. A ce injin yana shan lita 5 kullum har kwana 60. Lita 300 ke nan, wato kilo 690 na iskar da ke ɗumama duniya, daga gona ɗaya tak.

Irin wannan lissafin ne doka ta fara neman kamfanoni su riƙa yi. A watan Nuwamba na 2021, a taron sauyin yanayi na Gilasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa Nijeriya za ta kai matsayin da ake kira net ziro nan da 2060. Ma'anarsa a Hausance, ba kare bin damo: hayaƙin da ka fitar da wanda ka janye daga sararin sama su zo daidai. A cikin watan ne kuma ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Dokar ta ce duk kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 50 ko fiye, dole ya ɗauki matakan rage hayaƙinsa, ya naɗa jami'in da zai riƙa miƙa rahoto duk shekara. Wanda ya gaza, ana iya cin tararsa. Sannan a 2024 hukumar da ke kula da rahoton kuɗin kamfanoni ta fitar da jadawalin da zai wajabta wa manya, irin su bankuna da masu hannun jari a kasuwa, bayyana hayaƙinsu daga 2028.

Wani zai ce, to ina ruwan ɗan Ikara da littafin kamfani? Ga inda ruwansa ya shigo. Ƙa'idar da duniya ke bi ta kasa hayaƙin kamfani gida uku. Na farko, wanda ke fita daga janaretansa da motocinsa. Na biyu, na wutar lantarkin da ya saya. Na uku shi ne babba, kuma shi ne namu: hayaƙin duk abin da kamfanin ya saya, tun daga inda aka samar da shi. Idan masana'anta ta sayi tumatirin Ikara ko masarar Makarfi, to fetur ɗin ban-ruwa, da dizal ɗin motar da ta ɗauko kayan, da takin da aka zuba, duk suna shiga lissafinta.

Takin ma ya fi ba da tsoro. Idan aka zuba Yuriya fiye da abin da shuka za ta iya sha, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa kan mayar da wani ɓangare nata iskar naitros oksaid. Kilo ɗaya na wannan iska yana ɗumama duniya kamar kilo 270 na iskar kabon a tsawon shekara ɗari. Wato manomin da ya watsa taki ya bar shi a fili bai rufe ba, ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma ƙara wa duniya zafi.

Ba kowane hayaƙi ake yi wa lissafi ɗaya ba. Masu dafa mazarƙwaila a Makarfi, idan da busasshen ɓawon raken da aka matse suka hura wuta, kabon ɗin da ya tashi shi ne wanda raken ya zuƙa yana tsiro, kuma raken baɗi zai sake zuƙa. In aka koma saran itace a daji kuwa, magana ta canja, don bishiya ba ta dawowa a damina ɗaya.

Yanzu mu zo kan takardar shaida. Kamfanoni da yawa a duniya suna manna wa kayansu tambarin cewa sun kai net ziro, ko suna hanya. Wasu da gaske suka rage hayaƙi. Wasu kuwa biya suke yi a dasa bishiyoyi ko a tsare wani daji, sai a ba su takarda, su cire adadin daga lissafinsu. A watan Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka wallafa binciken da ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan takardu na tsare dazuzzuka, daga babbar cibiyar tantancewa ta Verra, da wuya a ce sun rage wani hayaƙi. Cibiyar ta musanta. Mu dai mun san halin dashe a nan: a dasa a watan Agusta, a ɗauki hoto, kafin Maris akuya ta cinye. Bishiya ta mutu, takarda na nan da ranta. Shi ya sa, a ganinmu, duk tambarin da ba a faɗi wanda ya auna da wanda ya sake dubawa ba, tamkar ɗalibi ne ya duba jarrabawarsa da kansa ya ba kansa ɗari bisa ɗari.

Akwai kuma batun adalci. Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na iskar kabon ta duniya, don haka ba manomin Kudan ne ya ɓata yanayi ba. Amma idan mai sayen kaya ya fara tambayar lita nawa aka ƙona, buhu nawa aka zuba, manomin da ba shi da rubutu shi za a tsallake. Nan aikinku yake. Ku ware littafi ɗaya na gonar gida, ku riƙa rubuta kwanan wata da man da aka saya da takin da aka zuba. Idan kuma wata rana wani ya zo da takardar cinikin kabon yana son Baba ya dangwala yatsa, ku karanta masa ita tukuna. Shekara nawa aka ɗaure gonar? Wa zai karɓi kuɗin? In bishiyoyin suka mutu, wa zai biya?

Ga aikin gida. Litar dizal tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon. A ce motar rake ta tashi daga Makarfi zuwa kudu ta sha lita 400. Kilo nawa ta saki, kuma daidai yake da kwana nawa na injin ban-ruwan da muka fara da shi? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.