Sadakar Mishan Ƙugiya Ce? Amsa Ga Masu Faɗin Haka

Kwanan baya, a wani taron ƙara wa juna sani na malaman makaranta, da aka fita shan iska sai hira ta kai mu ga makarantun mishan. Wani abokin aiki, mutum mai ilimi wanda nake girmamawa, ya ce shi bai ga abin yabo ba a cikin duk abin da ƴan Katolika ke yi a ƙasar nan, domin a ganinsa makarantarsu da gidan likitarsu da buhun hatsin da suke rabawa lokacin yunwa duk tana ce a bakin ƙugiya: a miƙa maka kwano, a karɓe maka addini. Wasu suka yi dariya, wasu suka gyaɗa kai, ba wanda ya tanka. Ni ma ban tanka ba, kuma shirun nan ne ya yi ta cin raina har na ɗauki alƙalami. Maganar dai ba tasa ba ce shi kaɗai. Ana jin ta a fadar samari wurin shan shayi, ana jin ta a tashar mota, kuma abin da ya fi ban tsoro, ana jin ta daga bakin masu riƙe da alli, waɗanda aji guda cike da yara ke sauraro kowace safiya.

Adalci shi ne, kafin a yanke wa mutum hukunci a ji abin da shi ke faɗa game da kansa. Koyarwar Kirista a kan ƙaunar maƙwabci tana da tushe a cikin Linjila, kuma wurin da aka fi komawa gare shi shi ne littafin Luka, sura ta 10. Wani masanin Attaura ya tambayi Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ko wane ne maƙwabcin da aka umurce shi ya ƙaunata. Aka ba shi amsa da labari. Ƴan fashi sun tare wani matafiyi a kan hanyar Urushalima zuwa Yariko, suka yi masa tsirara, suka lakaɗa masa duka, suka bar shi rai a hannun Allah. Wani limamin Yahudawa ya zo, ya gan shi, ya ratse. Wani mai hidimar Haikali ya zo, shi ma ya ratse. Sai ga wani Basamariye, ɗan ƙabilar da Yahudawan lokacin ke ɗauka ɓatacciya a addini, ba su ko hulɗa da ita. Shi ne ya tsaya, ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya ba mai masaukin dinari biyu, ya kuma yi alkawarin biyan duk abin da aka ƙara kashewa in ya dawo. Labarin bai ce Basamariyen ya tambayi addinin mutumin ba, bai kuma ce mutumin ya warke ya shiga addinin Samariyawa ba.

Wannan labari shi ne ake ƙoƙarin mayarwa aiki a cikin rayuwar ikilisiya, wato abin da ake kira paroisse da Faransanci, jama'ar coci guda da limaminsu. Tun suna yara ake koya wa ƴan Katolika ayyukan jinƙai guda bakwai: ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishi, tufatar da marar sutura, saukar da baƙo, gaida marar lafiya, ziyartar ɗan kurkuku, da binne mamaci. Shida na farko an ɗauko su daga Matiyu sura ta 25, inda aka nuna cewa a kansu za a yi wa mutane hisabi ranar ƙarshe. A cikin azuminsu na kwana 40 kafin idin Faska, ana kiran su su rage ci, su ba matalauci abin da suka rage. Ranar Alhamis ta makon ƙarshe, limamin coci da kansa yake durƙusawa ya wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'arsa, don a tuna wa babba cewa girmansa hidima ce. A cikin jerin nan kaf, ba inda aka ce a duba addinin mai yunwar kafin a zuba masa tuwo.

Mai musu zai ce wannan magana ce ta fatar baki, manufar tana ɓoye. To, sai mu duba abin da shugabanninsu suka rubuta wa mabiyansu, ba don mu ba. A ranar 25 ga Disamba 2005 Paparoma Benedict na 16 ya sa hannu a kan wasiƙarsa mai suna Deus caritas est. A sashe na 31 ya faɗa ƙarara cewa ba a yarda a mai da taimako hanyar farautar mabiya ba, cewa ƙauna kyauta ce, ba a yin ta don cim ma wata manufa daban, kuma mai aikin jinƙai da sunan coci ba ya tilasta wa kowa addininsa, ya san lokacin magana a kan Allah, ya san lokacin yin shiru. Paparoma Francis ya keɓe babi na biyu na wasiƙarsa Fratelli tutti, ta Oktoba 2020, ga labarin Basamariyen nan, bayan ya sa hannu tare da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, a kan takardar ƴan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairu 2019. Waɗannan takardu ba a ɓoye suke ba, suna nan cikin Faransanci da Larabci ga duk malamin da ke son karantawa.

In ma an ƙi yarda da rubutu, lissafi ai ba ya son kai. An kafa mishan na farko na Katolika a Yamai a 1931. An naɗa wa Yamai bishop nata a 1961, Maraɗi ta samu nata a 2001. Shekara fiye da 90 ke nan ana buɗe makarantu, ana duba marasa lafiya, ana gina rijiyoyi. Amma ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Musulmi sun kai kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar, Kiristoci kuwa gaba ɗayansu, Katolika da sauran ɗariƙu, ba su kai kashi 1 ba. In da gaske ƙugiya ce, to ba a taɓa ganin masunci marar sa'a irin wannan ba, wanda zai kusan cika ƙarni a bakin gulbi yana zuba tana, kwandonsa wayam, amma ya ƙi tashi. Mafi yawan yaran da ke makarantun mishan ƴaƴan Musulmi ne, iyayensu ne suka kai su da ƙafarsu. Kowane mai karatu ya lissafa waɗanda ya sani sun bi ta can, a danginsa da unguwarsa da wurin aikinsa, sannan ya faɗa mana nawa ne a cikinsu suka bar salla.

Gani ya kori ji. Lokacin yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farin ɗango na 2004, ta kuma fi tsanani a jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, ƙungiyar agajin Katolika, wadda a shekarar ce ta ɗauki sunan CADEV, ta yi aiki a garuruwan da kusan kowa Musulmi ne. Marigayiya Marie-Catherine Kingbo, ƴar Senegal da ta kafa ƙungiyar mata masu hidima a Maraɗi a 2006, ta yi shekaru tana kula da yara masu tamowa, tana zama da masu gari da limamai a kan karatun ƴan mata da auren wuri, har ta rasu a 2021. Da limaman nan sun ga ƙugiya a hannunta, da ba su shimfiɗa mata tabarma ba.

Amma babban gwaji ya zo ne a Janairu 2015. Ranar Juma'a 16 ga wata a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu. Ƴan sanda sun ce an ƙona coci 45 a Yamai kaɗai. A Damagaram an ƙona mishan da makarantarta, Kiristoci ɗaruruwa suka fake a barikin soja. Abin takaici, jaridar da ta yi zanen ba ta Kirista ba ce, ta sha yi wa Paparoma kansa ba'a, kuma ba ɗan Nijar ko ɗaya da ya riƙe mata alƙalami. Me cocin ta yi bayan toka ta lafa? Bishop-bishop ɗinta, Michel Cartatéguy da Laurent Lompo da Ambroise Ouédraogo, suka yi kira ga yafiya, suka aika wa al'ummar Musulmi saƙon sabunta zumunci. Bayan ɗan lokaci aka sake buɗe makarantu da gidajen likita, ga ƴaƴan unguwannin da wutar ta fito daga cikinsu. Haka ma limamin nan ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, da aka sace a Bomoanga a Satumba 2018, aka sako shi a Mali a Oktoba 2020, ya fito yana cewa ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Ɗan kasuwa in aka ƙona masa rumfa yakan tattara kayansa ya sake gari. Wanda ya tsaya ya sake ginawa a wuri guda, ya cancanci a kyautata masa zato.

Ba na cewa zargin ya faɗo daga sama ba ne, ruwa ba ya tsami banza. Mishan ya shigo ƙasar nan a zamanin mulkin mallaka, da harshen mai mulkin, kuma a wurare da dama a duniya an samu masu wa'azi da suka yi cinikin imani da abinci ko magani. Uba yana da cikakken haƙƙi ya tambayi abin da ake koya wa ɗansa, ya duba littattafai, ya cire shi in bai gamsu ba. Duk wanda ya ga an gindaya wa mai yunwa sharaɗin addini, ya faɗi wuri da rana, kuma ya riƙe sashe na 31 ɗin nan a hannu, domin dokar cocin ce da kanta za ta kama mai laifin. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a yi wa jama'a guda kuɗin goro, ba shaida, ba bincike, don kawai ba su da yawan da za su rama.

Su ma ƴan ikilisiya akwai maganar da ya kamata su ji, kuma daga littafinsu take. Bayan 2015 an ɗaga katangu, an ƙara masu gadi, kuma ba mai hankalin da zai ga laifin wanda wuta ta taɓa lasa. Sai dai katanga tana hana fita kamar yadda take hana shiga. A biranenmu Katolika da yawa asalinsu daga Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya ne, abu ne mai sauƙi ikilisiya ta zama zauren baƙi, inda ake taimakon juna a cikin gida kawai, a bar wa ofishin agaji da kuɗin ƙasashen waje aikin maƙwabci. Ƙaunar da aka miƙa wa ofis ta zama takardar rahoto. Basamariyen labarin da hannunsa ya taɓa jini, da kuɗin aljihunsa ya biya. Zumunta a ƙafa take: zuwa suna, zuwa gaisuwar rasuwa, koyon Hausar unguwa, zama a kan tabarmar mutane. Kuma kada su manta, a ranakun nan biyu na Janairu su ne suka zama matafiyin da aka yasar a bakin hanya, waɗanda suka ɓoye su a ɗakunansu kuwa maƙwabtansu ne Musulmi. Wanda ya saba bayarwa yana buƙatar koyon karɓa da godiya, in ba haka ba alherinsa ya zama girman kai.

Yanzu na dawo gare mu, ƴan'uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu. Samarin da suka ɗauki man fetur a 2015 ba daga wata duniya suka zo ba, ƴaƴanmu ne, wasunsu sun zauna a ajinmu. Kafin hannu ya kyasta ashana, kunne ya daɗe yana jin cewa mutanen can maƙiya ne masu fuska biyu, har alherinsu ma makirci ne. Yaron da aka koya wa haka, me zai hana shi ganin ƙona makaranta a matsayin kare addini? Alhali Musulunci ya girmama haƙƙin maƙwabci: aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da na nesa a cikin waɗanda aka umurta a kyautata wa, kuma hadisi ingantacce ya nuna Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a sa shi cikin magada. Malaman addinin da suka fito a talabijin ta ƙasa a ranakun tarzomar suna kiran a kwantar da hankali, a kan wannan suka tsaya.

Ba a nemi kowa ya yarda da aƙidar Katolika ba. Saɓanin da ke tsakanin addinan biyu game da matsayin Isa babba ne, ba kuma zai gushe don an sha shayi tare ba. Abin da nake nema ƙarami ne, kuma yana hannunmu. Malami ya daina faɗa wa yara abin da bai bincika ba. Ƙungiyoyinmu, da ke shirya muhawara a kan waƙa da wasan kwaikwayo, su keɓe zama guda a shekara, su gayyato limamin masallaci da limamin coci, kowa ya bayyana da Hausa abin da addininsa ya ce game da maƙwabci, jama'a su yi tambaya. Wanda kuma ke ganin mishan ya fi mu kula da marayu da masu tamowa, to ga fili ga mai doki: zakka da waƙafi da sadaka suna nan, a tsara su, a riƙe su da amana, a yi tsere wajen alheri. Ni dai na ɗauki alkawari, in aka sake yin maganar ƙugiya a gabana ba zan yi shiru ba. Allah ya sa mu gane gaskiya, ya ba mu ikon faɗinta.