Adireshi Da Yawa a Na'ura Ɗaya: Fa'idodi da Illoli ga Ofisoshin Tahoua

Duk wanda ya saba karanta takardun ofisoshi da ƙungiyoyi a Tahoua ya san wannan: hatimin hukuma a sama, amma adireshin imel da ke ƙasa na Gmail ne ko Yahoo, wanda sakatare ya buɗe da sunansa. Ranar da aka canza masa wurin aiki, wasiƙun shekaru su tafi tare da shi. Alhali tun 1996 Nijar ke da nata sunan a intanet, wato .ne, kuma kowace ma'aikata na iya mallakar adireshi a ƙarƙashinsa.

Abin da ke hana mutane shi ne kuɗi da rashin gwani. Ƙaramar hukuma kamar Kalfou ko Barmou ba za ta sayi babbar kwamfuta ta ɗauki injiniya don wasiƙu kawai ba. Sai dai manhajoji irin su Postfix, wadda ke karɓa da aika saƙo, da Roundcube, wadda ake buɗewa a burauza, suna ba da damar na'ura ɗaya ta ɗauki sunaye da yawa. Kamar gidan haya ne: kowa da ɗakinsa, zaure ɗaya, makullan suna hannun mutum guda. Ofishin magajin gari a Keita, ƙungiyar manoman albasa da asibitin ƙauye kowa zai sami adireshinsa, a raba kuɗin, gwani ɗaya ya kula da su duka. Manhajojin biyu kyauta ne. Garin Tahoua da ke da Jami'ar Djibo Hamani kuwa bai kamata ya rasa matashin da zai koyi aikin ba.

Fa'idar da ta fi min muhimmanci ita ce iko da ƙofa. Ma'aikaci ya bar aiki, a rufe akwatinsa a ranar, wasiƙun su zauna wa magajinsa. Ana iya hana shiga akwati ko shafin gudanarwa sai daga ofis, a kuma toshe wanda ya yi ta gwada kalmar sirri ba daidai ba. Abokin hulɗa na waje ma ya fi yarda da takardar neman tallafi idan ta fito daga adireshin ma'aikata.

Illolin kuma daga wannan haɗuwar a na'ura ɗaya suke fitowa. Na'urar ta tsaya, kowa ya tsaya. Idan a cikin gari aka ajiye ta, lantarki ne zai yanke hukunci, kuma ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar. Idan a waje aka yi haya, can ma ba a tsira ba: gobarar da ta tashi a cibiyar kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa a watan Maris na 2021 ta durƙusar da shafuka masu ɗimbin yawa, waɗanda ba su ajiye kwafi a wani wuri ba suka yi asarar bayanansu. Haka nan idan aka sace kalmar sirrin mutum ɗaya aka riƙa watsa saƙonnin damfara da akwatinsa, manyan kamfanonin imel na iya saka lambar na'urar gaba ɗaya a jerin waɗanda ba a karɓar saƙonsu. Laifin ɗaya ya shafi wasiƙun asibiti da na manoma. Manhajar kanta tana son gyara kullum. A watan Oktoba na 2023 kamfanin ESET ya bayyana yadda masu kutse suka bi ta wata ɓaraka a Roundcube suka kai hari ga ofisoshin gwamnatoci a Turai.

Tsaurin ƙofa ma yana da nasa ciwo, musamman a nan Adar, ƙasar da tafiya ta zama jiki. Ma'aikacin da ya fita aiki Tabalak da wayarsa, ko shugaban ƙungiya da ke ci-rani a Abidjan, zai iya tarar da akwatinsa a rufe don kawai ba daga ofis ya shigo ba. Daga nan sai ya koma WhatsApp da tsohon adireshinsa, aiki ya koma baya.

Amma babbar damuwata ita ce mai riƙe da makullan. A yawancin irin wannan tsari yana iya karanta wasiƙar kowa, har da ta marar lafiya da ta mai kai ƙara. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, akwai kuma hukumar HAPDP da ke sa ido, sai dai tana Yamai, na'urar kuwa tana hannun wani yaro a unguwa. Ina goyon bayan ofisoshinmu su haɗu a na'ura ɗaya, da sharaɗin a rubuta yarjejeniya: sunan adireshin a yi masa rajista da sunan ma'aikata, ba da sunan gwanin ba, mutum biyu su san kalmar sirrin gudanarwa, kowace ma'aikata ta iya buɗewa da rufe akwatunan mutanenta da kanta, kuma a riƙa ajiye kwafin wasiƙu a wani gini daban kowane mako.